Kafaɗa Sha Huɗu da Rabi

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Wannan littafin awo ne na Maigida. Rabinsa cike yake da ƙugu da ƙirjin matan mutane, rabinsa fari fat, kuma na san ba za a ƙara rubuta awon kowa a ciki ba. Shi ya sa na ɗauka. Ba ni da wanda zan faɗa wa, gara in faɗa wa takarda, ita ba ta kai magana gaba.

Ya sha shayi. Ya ci rabin burodi. Da na zo ɗaukar kofi sai ya ce, "Sannu da ɗawainiya, baiwar Allah. Idan matar gidan ta dawo zan faɗa mata kirkinki."

Shekara ashirin da biyu ke nan ni ce matar gidan.

Hannuna ya yi sauƙi.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Nas ta bugo waya. Babbar 'yarsa ce, ta wajen marigayiya. Ta girme ni da shekara biyu, amma Anti take ce mini tun ranar da na shigo gidan nan, don ubanta ya ce haka za a yi, ita kuwa ba ta musu da shi.

Ta ce, "Anti, ya jikin Baba?"

Na ce garau, yanzu haka ma yana shago.

Ban yi ƙarya ba. Yana shago. Ƙofar waje ce dai a kulle, makullin kuma yana cikin zanina.

Ta ce, "Hannunki fa?"

Ashe likitan da ya ɗinke ni sun taɓa aiki tare da ita. Kai, duniya ba ta da faɗi!

Na ce ƙofa ce ta datse ni.

Ta ce, "Anti, shekara ashirin ina wanke ciwo. Ƙofa ba ta yanka a miƙe har ɗinki bakwai."

Na ce to tamu ta yanka.

Ta ce tana zuwa ran Alhamis.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Babban almakashinsa yana cikin buhun shinkafa. Ni na saka shi. Tun safe yake nema, ya zazzage kowace durowa, ya ɗaga keken ɗinki, ya kakkaɓe kwandon ƙyallaye. Daga ƙarshe ya zauna a ƙasa dirshan, mutum ɗan shekara saba'in da ɗaya, yana cewa wanda ya koya masa ɗinki ne ya ba shi, me zai ce masa in ya tambaya. Mutumin nan ya rasu tun kafin a haife ni.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce ban gani ba.

Ba laifinsa ba ne. Ni na shigo ta bayansa babu sallama, na dafa shi yana riƙe da almakashin. Kowa baƙo ya dafa ba zato sai ya juyo. Ba zan ƙara rubuta wannan ba.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Bari in rubuta zancen rigar, tunda ita ce yanzu aikinsa safe da yamma.

Kowace shekara, a watan da muka yi aure, Maigida yana ɗinka mini riga. Ashirin da ɗaya gare ni, ko ɗaya ban bayar ba. Kuma duk shekara sai ya sake awo, ba ya yarda da na bara. Ya rataya tef a wuya, ya ce in tsaya, in daina dariya, yana auna yana tsokana: "Maɓalli, an ƙara inci guda. Wa ke ba ki abinci a ɓoye?" Maɓalli yake kirana, wai don lokacin da ya fara ganina ban fi maɓalli ba. In ya iso kafaɗa kuwa sai ya ce, "Sha huɗu da rabi. Komai na mace yana tafiya yana dawowa, ban da kafaɗa. Kafaɗa ba ta ƙarya."

Bana bai auna ni ba. Ya ɗauko yadin da muka saya tare tun yana da dama-dama, shuɗi mai ɗigon fari, ya zana da alli daga kansa, ya yanka. Ya gama yankan ke nan ranar da abin ya faru. Yanzu ɗinki yake, in ya kai ƙarshe ya tsinke zare da haƙori. Hannunsa ko rawa ba ya yi. Mutumin da bai san banɗaki ina yake ba a gidansa, ga shi yana jera ɗinki kamar an sa rula.

Na leƙa. Ƙugun rigar bai fi cinyata ba.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Ya sha shayi. Ya tambaye ni ko matar gidan ta aiko da saƙo. Na ce tana hanya.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Wata tsohuwar mai kawo ɗinki ta yi ta buga ƙofa. Na fita na ce yana hutawa, idonsa ne. Wata biyar ke nan idonsa ne. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Ke dai kin yi haƙuri." Na tsani kalmar nan. Wa ya ce mata haƙuri nake yi?

Ba wanda ya yi mini dole. In rubuta wannan da manyan baƙi, don in na mutu kada wani ya ƙaga mini labarin tausayi. Ina 'yar shekara sha takwas na kawo masa ɗinkin rigar makaranta, shi yana da arba'in da tara, matarsa ta shekara uku da rasuwa. Ya yi mini magana kamar ina da hankali. Samarin lokacin kuwa in sun zo sai surutun ƙwallo da warin turare. Ni na nace. Na daina cin abinci, na daina makaranta, saura wata huɗu jarrabawa. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka. Ta ce, "Yau miji za ki aura, gobe tsoho za ki rena." Na ce mata ai kowa ma zai tsufa. Bakina ke nan, tun ina yarinya.

Kuma wallahi na ji daɗi. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da Allah bai ba mu haihuwa ba, ya ce shi ya samu 'ya ya samu mata, me kuma zai nema. Ko kwan fitila bai taɓa bari na canza ba. Na yi na yi ya koya mini keke, sai ya ce, "Ke yarinya ce, za ki soke yatsa." Ina shekara talatin yana ce mini yarinya ce. Ni kuma ina jin daɗi, sakarai.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Ta zo. Ta tafi.

Tana shigowa ya ɗago kai daga keke, fuskarsa ta washe. Ya kira ta da sunan da yake kiranta tana ƙarama. Ya tambayi yaranta, duk da ya rage musu shekara goma-goma. Ina tsaye da tire a hannu kamar 'yar aiki.

Sai ya rage murya, wai don kada in ji, ya ce mata, "Wace ce wannan baiwar Allah? Tana da kirki, amma ta cika shiga ɗakin mutane. Jiya na gan ta tana buɗe akwatin Maɓalli."

Nas ba ta kalle ni ba. Na gode mata da wannan.

A kicin ta kwance mini bandeji da kanta, ta duba, ta sake ɗaurewa. Hannunta da taushi, gadon ubanta. Da ma muguwa ce da na ji sauƙi, da na samu wanda zan zaga.

Ta ce, "Anti, ba na so in raba ku. Amma tsoronki yake ji. A wurinsa baƙuwa ce ke kwana a gidansa. Yau hannu ne, gobe fa?"

Na ce gobe ta Allah ce.

Ta ce ta gyara masa ɗaki a gidanta, akwai wanda zai kula da shi in tana wajen aiki. Tafiyar awa shida ce a mota. Ta ce ina iya zuwa in gan shi duk lokacin da na so. In gan shi! Mijina, a gidan surukinsa, in je da 'yar leda a hannu in zauna a falo.

Na ce, "In ya gane ni fa?"

Ta daɗe tana wanke hannun da ba shi da datti. Sannan ta ce, "Asabar ta sama zan dawo da mota. In na ji da kunnena ya san ke ce matarsa, ko sau ɗaya ne, na bar miki shi. In ba haka ba, Anti, don Allah kada ki sa mu yi abin kunya a gaban maƙwabta."

Kwana tara.

Ban yi kuka ba.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Ya sha shayi. Bai ci burodi ba.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Na kawo masa hoton aurenmu. Ya karɓa da hannu biyu, ya shafa fuskata ta cikin hoton da babban yatsa, ya ce, "Kin gan ta ko? Rigima ke nan." Na ce, "Ni ce." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Baiwar Allah, kina da ban dariya."

Na faɗa masa abin da ni da shi kaɗai muka sani. Ranar da ya ƙone mini mayafi da dutsen guga ya ɗora wa kyanwa. Tabon da ke bayan gwiwarsa. Sai dariyar ta ɗauke. Ya ja kujerarsa baya, ya ce, "Wa ya faɗa miki wannan? Me kika yi mata?"

Na fita da sauri. Na kulle.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Ya gama rigar. Ya goge ta, ina tsaye kusa da soket don in zare waya in ya manta. Ya rataye ta a jikin ƙusar da ke kusa da madubi. Ta yi kyau har ta ba ni haushi.

Na ce, "Maigida, in matan gari suka taru, yaya za ka gane taka?"

Ya kalle ni kamar na tambayi abin da yaro ya sani. Ya nuna rigar da haɓa. Ya ce, "Wadda wannan ta zauna mata. Ni ban taɓa kuskuren awon matata ba."

Asabar, ƙarfe biyu da rabi na rana

Yana barcin rana na gwada. Kai ya shiga, kafaɗa ta zauna cif. Daga nan kuma ta tsaya a ƙirji ta ce ba ta san zancen ba. Na maƙale a ciki, hannuwa a sama, ba gaba ba baya, ina numfashi da kyar, ina tsoron ta yage. Mace 'yar shekara arba'in tana kokawa da riga a gaban madubi. Da wani ya shigo da ya mutu da dariya.

Da na samu na fito, na kalli madubin. Wata mata na gani mai kumatu da layi biyu a gefen baki. Na san ta, amma ba ni ba ce. Na juya madubin ya kalli bango.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Ruwan zafi kawai na sha. Da rana ma haka zan yi.

Litinin, ƙarfe sha biyu na rana

Jiri ya ɗebe ni ina shanya. Na auna kaina da tef ɗinsa: rabin inci ya tafi. Saura goma sha ɗaya da rabi, kwana biyar. Ko yankan ni za a yi ba zan kai ba.

Inna ta kira. Na ce lafiya lau. Ta ce, "Muryarki ta yunwa ce. Na san ta, kin taɓa yi mini." Tsohuwar nan ba ta mantuwa. Ita ga ta da hankalinta tas, shekara sittin da biyu, surukinta ya girme ta da tara.

Na jira ta ce ai na faɗa miki. Shekara ashirin da biyu ina jiran ta faɗa, na tanadi amsa kala-kala. Ba ta faɗa ba. Ta ce, "Ki ci abinci, 'yar nan. In kin faɗi wa zai ɗaga shi?"

Wannan ya fi zagi ciwo.

Na ci shinkafa a tsaye, a cikin tukunya.

Talata, ƙarfe uku na rana

Ikon Allah!

Na juya rigar ciki waje don in ga ko akwai dabara. Sai ga rara. Yatsa huɗu cur a kowane gefe, an kalmashe ta an kwantar da guga yadda ba za a ji ta a jiki ba. Har ƙarƙashin hammata ya bari.

Na zauna a kan kujerarsa na tuna. Haka yake yi wa duk yarinyar da aka kawo ɗinkin aurenta. Iyaye su yi ta mita wai yana ɓarnar yadi, shi kuma ya ce, "Yarinya ce, ba ta gama girma ba. Riga ta jira ta." Sauran teloli suna yi masa dariya. Rigata ta farko ma haka ya yi mata, na sa ta shekara shida yana buɗewa kaɗan-kaɗan.

Kenan ko a cikin wannan duhun da yake ciki, ya bar mini wuri.

Na lissafa da tef sau uku. In aka farke gefe biyu aka sake ɗinkewa a bakin yadi, za ta shiga. Da kyar, amma za ta shiga.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Wa zai ɗinka?

Akwai tela a ƙarshen layinmu. Minti goma zai yi. Amma yaron Maigida ne a da, yana ganin ɗinkin zai gane hannun, yana ganin awon zai gane sauran. Kafin yamma duk layi ya ji cewa mai gidansu ya yanka wa matarsa rigar 'yar sha takwas. Wata biyar ina rufa masa asiri, ba zan tone shi da hannuna ba. Kuma shi bai taɓa yarda wani tela ya taɓa masa aiki ba. Ya ce kamar a sa maka yatsa a ido ne.

Ni zan yi. Matar tela, shekara ashirin da biyu, ban san ta inda ake sa ƙoshiyar zare a keke ba.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Awa ɗaya da rabi yake barcin rana. Shi ne nawa.

Na karya allura biyu. Zare ya cukurkuɗe a ƙasa ya yi gida. Keken nan da ke yi masa waƙa, ni gurnani yake mini, in na taka gaba ya koma baya. Na gwada a ƙyalle, layin ya fito kamar sawun maciji. An ce ba a fafe gora ranar tafiya. To in ranar tafiyar ce kaɗai aka ba ka goran fa?

Na soke yatsa. Ya faɗa kuwa.

Na ji haushinsa yau. Bari in rubuta, tunda ba mai gani. Na ji haushinsa ƙwarai. Ya san ya girme ni da shekara talatin da ɗaya, ya iya lissafi, sana'arsa ce. Ya san wata rana zai bar ni a tsaye. Me ya sa bai koya mini komai ba? Ya ajiye ni kamar kofin gilashi a kabad, ga shi kabad ɗin ya ruɓe. Ni kuma me ya hana ni ƙwace keken in koya da ƙarfi? Daɗin zama yarinya.

Ban yi kuka ba.

Alhamis, ƙarfe uku saura na rana

Yana cikin barci ya ce, "Maɓalli, ruwa." Da muryarsa ta da. Na bar keken na ruga, har na yi tuntuɓe da kujera. Na tallafo kansa, ya sha idonsa a rufe, ya riƙe mini yatsu kamar yadda ya saba. Na ƙi motsi. Na ƙi ko numfashi.

Ya buɗe ido. Ya sake ni. Ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, na ɗauka iyalina ce."

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Na farke gefen dama da reza, zare ɗaya-ɗaya. Ɗinkinsa ƙanana ne, a jere, ba ɗaya da ya fi wani. Ina farkewa ina ba shi haƙuri.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Na gama. Gefen hagu ya fi na dama, don shi na yi daga baya. A hammata ya tattare. In na sauke hannu ba a gani.

Ta shiga. Zif ya hau har sama. Ba na iya sunkuyawa, amma ta shiga.

Na ce masa na kai rigar ajiya don ƙura. Ya tambaya sau tara.

Juma'a, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na haɗa masa jaka, ko da za ta kai ga tafiya. Ba don na yarda ba. Riguna biyar, tabarau, maganinsa, tef. Na sake kwancewa. Na sake haɗawa.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Ya sha shayi. Ya cinye burodin duka. Alama ce mai kyau, ko?

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta yadda aka yi, a jere, don kada gobe zuciyata ta gyara mini labari.

Nas ta iso ƙarfe sha ɗaya. Direba ya tsaya a waje. Ta zauna da ubanta a shago, na shiga ɗaki na sa rigar. Na yi kwalliya irin wadda yake so, na fesa tsohon turarena. Na yi sallama na shiga ta gabansa, ba ta baya ba.

Ya ɗago. Ya kalli rigar. Wallahi idonsa ya kawo haske, na gani, Nas ma ta gani. Ya miƙe ya taho. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya yi.

Bai kalli fuskata ba. Gefen rigar ya kama, ya bi ɗinkin da yatsa daga ƙugu zuwa hammata. Ya ce, "Ɗaga hannu." Na ɗaga. Ya ja tsaki.

Ya ce, "Wane mugun ne ya yi miki wannan? Yankan na gwani ne, amma wanda ya haɗa gefen nan ko maɓalli bai iya sawa ba. An cuce ki, baiwar Allah. Tsaya in auna ki, in yi miki ta kirki."

Nas ta ce, "Baba, duba ta da kyau."

Ya ce, "Ai dubawar nake. Miƙo tef."

Na ciro masa daga jaka. Ya rataya a wuya. Ya ga littafin nan a kan tebur, ya tura wa Nas, ya ce ta rubuta. Ga shi nan a shafin baya, da rubutunta. Ƙirji arba'in da biyu. Ƙugu talatin da bakwai da rabi. Tsawo hamsin da huɗu. Yana auna yana kaffa-kaffa kada yatsansa ya taɓa ni, yadda yake yi wa matan mutane.

Sai ya zagaya bayana ya ɗora tef a kafaɗa.

Ya ɗauke, ya sake ɗorawa.

Ya ce, "Sha huɗu da rabi."

Na ji numfashinsa a ƙeyata. Ya zagayo gabana a hankali, ya kalli fuskata, kallo na gaske, irin wanda ya yi wata biyar bai yi mini ba. Ya kalli goshina, ya kalli layin nan biyu na gefen bakina. Na ga ya gane wani abu. Na ce, "Maigida."

Sai ya cire hula. Ya dafa tebur, ya durƙusa a gabana, gwiwoyinsa suna ƙara.

Ya ce, "Inna. Ki gafarce ni, ban gane ki ba. Ashe ke ce a gidan tun kwanaki, ina ta sa ki aiki."

Shekarun Inna arba'in lokacin da ya je neman aurena. Ban taɓa lissafawa ba sai yau.

Nas ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu.

Ya ce, kansa a ƙasa, "Inna, kin faɗa mini gaskiya ranar nan a bakin ƙofarki. Kin ce zan tsufa in bar miki ita da wahala. Na yi miki alkawari ba za ta yi jinyata ba, na ce kafin a kai nan zan san yadda na yi. To Inna, ina jin an kai. Kaina ba daidai yake ba. Abubuwa suna ɓace mini. Ina jin ma na ji wa wani ciwo, ban san ko wa ba." Ya kama bakin rigar. "Don Allah ki riƙe ta a wurinki. Kada ki bari ta dawo ta gan ni haka. Yarinya ce, ba za ta iya ba."

Ban san da wannan alkawarin ba. Ba wanda ya taɓa faɗa mini, daga shi har ita.

Ina da amsa. Bakina bai taɓa rasa amsa ba. Ina iya cewa ta iya, wata biyar tana iyawa, ga ta a gabanka. Na kalli tsakiyar kansa, inda gashi ya ƙare, yana rawa. Wata biyar yana tsoron baƙuwa a gidansa, yau ne kaɗai na ga ya samu wanda zai roƙa.

Na ce, "Tashi. Na yafe maka. Zan riƙe ta."

Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Inna."

Ni na ɗauko jakar. Ni na miƙa wa Nas. Tana kuka, ni ban yi ba. Ta ce, "Anti," na ce ta yi sauri rana tana yi.

Da ya shiga mota ya sauke gilashi ya yafito ni. Na matsa, ban iya sunkuyawa ba saboda rigar. Ya ce, "Inna, akwai rigarta a shago, shuɗiya. Ki ce mata in ta matse ta kada ta damu. Na bar mata rara a ciki, don za ta girma."

Na ce zan faɗa mata.

Lahadi, ƙarfe bakwai na safe

Na ciro almakashin daga buhun shinkafa, na goge, na mayar durowarsa. Na buɗe ƙofar shago. Na juyo da madubin.

Na faɗa mata.